Kazar da Na Ɗaure a Inuwar Amya

Har yau ina tambayar kaina, me ya sa mutumin da ya yi shekara da shekaru yana yi wa kajina dariya ya koma cikin zuma saboda kaza ɗaya? Na tambayi malamai, sun ce ajali ne, kuma na yarda. Amma zuciyata ba ta daina tambaya ba. Ni ban yi karatu ba, ɗiyar maƙwabciyata ce, malamar makaranta, take rubuta abin da nake faɗa. Na roƙe ta kada ta gyara mini magana, in kuma na yi kuka ta jira ni.

A lokacin da abin ya faru, Turawa ba su daɗe da miƙa mulki ba. Ni haifaffiyar Gazara ce, aure ya kai ni wani ɗan ƙauye kusa da Janfalan. Mu biyu ne kawai a gidan, ni da mijina Malam, don 'yarmu ɗaya da ta rayu tana aure a Kudan. Ni ina da kaji, Malam yana da zuma. Shi ke saƙa amyarsa da ciyawar gamba, ya yaɓe ta da kashin shanu, ya turara ta da wasu saiwoyi masu ƙamshi, sannan ya hau ɗorawar bayan gidanmu ya rataye ta har ƙudan zuma su shiga. A ƙasarmu ta rake, inda mazarƙwaila take ko'ina, mutane sukan ce masa wahalar banza yake yi. Shi kuwa sai ya ce mazarƙwaila ta yara ce, zuma kuwa Allah da kansa ya ambace ta.

Uwar 'Yan Tsaki yake kirana, ni kuma in ce masa Sarkin Harbi. In kaza ta yi masa kashi a buzun salla, sai ya ɗaga murya ya ce in zo in ga tarbiyyar 'ya'yana. Yakan ce nasa dabbobin ba sa cin tsabar kowa, ba a share musu ɗaki, su ke kawo abinci gida, nawa kuwa ban da ci da surutu ba su iya komai ba. Ni kuma in ce masa ban taɓa ganin baƙon da aka yanka wa ƙudan zuma ba, kuma ranar da ya kwanta zazzaɓi romon wa ya sha? Sai ya yi dariya har tari ya kama shi. Duk da wannan tsiya, in ya ɗebi zuma, saƙar da ke da 'ya'yan ƙuda a ciki kajina yake jefa wa, yana cewa su ci arzikin manya.

Malam ya girme ni sosai, kuma shekaru sun fara kama shi. Wata rana yana saukowa daga ɗorawa ƙafarsa ta zame, Allah ya taimaka ya rungumi reshe, amma gwiwarsa ta gurɗe, ya daɗe yana ɗingishi. Daga nan na tayar da rigima. Na ce ba zai sake hawa itace ba ina raye, in yana son zumarsa ya sauko da ita ƙasa. Ya ce mini zuma ba ta son hayaniya, sama ta fi mata, shi ya sa kakanni suka rataye ta a can. Na ce kakanni ba su za su yi mini takaba ba. Na yi kuka, na ƙi cin tuwo, har ya gaji ya ce to, ya ji. Ya kafa gwafa biyu a bayan rumbu, cikin dangar gida, ya ɗora amya ɗaya a kai, tsayin kafaɗarsa. Sauran ya bar wa ƙaninsa. Ranar nan na yi barci da daɗi, ina ganin na ƙwato mijina daga hannun mutuwa.

Muka zauna lafiya fiye da shekara. Kajina suna kiwo a ƙarƙashin amyar, in ƙuda ya dame su sai su ruga, shi ke nan. Ni ma na saba, har shiƙa nake yi a kusa da ita. Sai annobar kaji ta shigo ƙauyen da sanyin shekarar. Na jiƙa musu ɓawon maɗaci, na zuba barkono a ruwansu, ba abin da ya yi. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa sunkuyar da kai suna mutuwa, har akurki ya zama kango. Da safe sai in ɗebo tsaba bisa sabo, in tsaya a tsakar gida ba mai zuwa. Malam bai yi mini tsiya ko sau ɗaya ba a kwanakin nan, kuma wannan shirun nasa ya fi komai nuna mini cewa ya ga halin da nake ciki.

Da bazara ta shigo, ranar wata kasuwar Makarfi, ya ɗauki goran zuma ya tafi. Da yamma ya dawo yana tafiya a karkace, hannu ɗaya a cikin riga. Na tambaye shi ko gwiwar ce ta tashi, ya ce a'a, wata baƙuwa ce ta biyo shi, marar kunya irin dangina. Sai ya zaro budurwar kaza wake-wake ya ajiye mini a cinya. Ya ce gidan ya yi masa shiru da yawa, ba wanda zai zaga. Na ce masa an cuce shi, ƙafafunta sirara ne. Ya ce ai da mai ita ta yi kama.

Kowace mace ta san yadda ake yi da sabuwar kaza. Ana ɗaure mata igiya a ƙafa na 'yan kwanaki har ta saba da gida, in ba haka ba ta bi daji. Na ɗaure ta a turke a tsakar gida. Washegari rana ta buɗe irin ta bazara, na gan ta ta buɗe baki tana haki, tausayinta ya kama ni. Na duba, babu inuwa sai bayan rumbu. Na kai ta can, na ɗaura igiyar a jikin gwafar amyar, na yi ƙulli mai ƙarfi don kada ta kwance, na ajiye mata ruwa a sakaina. Ko kaɗan ban kawo komai a raina ba. Kajina na dā ai a nan suke wuni. Abin da na manta shi ne, su ba a ɗaure suke ba.

Bayan azahar ina tankaɗe sai na ji ta ƙwala ƙara. Shirwa ce ta kawo sura, ba ta same ta ba, amma kazar ta firgita tana ta fizgar igiya tana dukan ƙasa da fukafukai, gwafar tana girgiza. Sai na ji wani gurnani, na ga zuma ta fito baƙi ƙirin kamar hayaƙi. Daidai nan Malam ya shigo daga masallaci. Ya kama hannuna ya tura ni ɗaki ya saki asabari, ya ce kada in kuskura in fito. Na zaci shi ma shigowa zai yi. Na leƙa sai na ga ya nufi bayan rumbu, babu wuta, babu hayaƙi, ko mayafi bai rufa ba, shi da ya fi kowa sanin abin da hakan ke nufi. Na yi ta ihu ina cewa ya bar ta, kaza ce, ya bar ta don Allah. Bai waiwayo ba. Ƙullin nan nawa ya ƙi kwantuwa, ba shi da wuƙa, ya durƙusa a wurin yana fama da shi har ya tsinke igiyar da haƙori. Ya shigo ɗaki da kazar a cikin rigarsa, fuskarsa da wuyansa ba masaka tsinke.

Na zauna ina cire masa ƙarin zumar da farce, ina shafa masa toka da albasa, yana ce mini in daina kuka, tun yana yaro ake harbinsa, yau ne kawai suka haɗu suka gaishe shi gaba ɗaya. Amma kafin la'asar wuyansa ya kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Ƙaninsa ya hau keke ya tafi Ikara neman malamin asibiti. Hanya da nisa. Kafin su iso, rana ba ta faɗi ba, Malam ya cika a kan cinyata. Allah ya jiƙansa, ya sa kabarinsa ya fi gidan da ya bari sanyi. Mutanen gari suka ƙone amyar a ranar, ban hana su ba, ban kuma iya kallo ba. Kazar ta rayu. Ido ɗaya ta rasa, ta yi ta ƙyanƙyasa har ta tsufa, ban yanka ta ba, ban sayar ba.

Babu wanda ya taɓa zargina, har 'yata. Ni ma na san ban yi da mugunta ba. Tsoron rasa shi ya sa na sauko da amya, tausayi ya sa na kai kaza inuwa. Abin da na koya shi ne, ƙauna kaɗai ba ta isa ta tsare mutum ba, sai an haɗa da sauraro. Ya faɗa mini zuma ba ta son hayaniya, na fi shi baki, shi kuma ya fi ni son zaman lafiya. Don haka 'yan'uwana mata masu kiwo, da maza masu amya, ina roƙonku: kada ku ajiye zuma a cikin gida, in kuwa ta zama dole, kada ku ɗaure kowace dabba a kusa da ita, ko kaza ko akuya ko jaki. In mai sana'a ya ce muku abu ba ya yiwuwa, ku tsaya ku ji dalilinsa kafin ku fara kuka.

A ranar nan, da numfashin Malam ya yi ƙasa sosai, na ga yana motsa baki, na kai kunnena ina zaton wasiyya zai bar mini. Ya yi salati a hankali. Sannan ya juya idonsa da ya kumbura wajen ƙofa, inda kazar ta rakuɓe da guntun igiya a ƙafarta, ya ce, "Ki kwance mata igiyar nan haka, ai yanzu ta zama 'yar gida."