Kwanakin Mai Ginin Randa

Shekarar da ƙanena Iliya ya rasu ina aji huɗu a lakwal, makarantar boko ta Dogon Dutsi, ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba. Kyanda ce ta ɗauke shi bayan girbin gero, yana da damina huɗu a duniya. Na tuna an fita da shi, na tuna matan majami'a sun yi waƙa a tsakar gida. Ban tuna na yi kuka ba. Nakan ci tuwo, in ɗebo ruwa, in je lakwal in dawo, kamar wata ce ke yi ina kallonta.

Gidanmu yana cikin 'yan gidajen Kirista na kusa da mishan. Babana Bulus shi ke karanta Littafi ran Lahadi in mai wa'azi ba ya nan. Mahaifiyarsa, Kaka Jimma, mutuniyar Matankari ce, ta girma cikin 'yan bori, sai da ta tsufa ta bi ɗanta majami'a. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Da magariba takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta tura gujiya cikin toka, mu kewaye ta. Takan buɗe tatsuniya da cewa, "Ga wata ta taso daga bayan dutsi," mu amsa, "A ba ta tabarma." Iliya ne kullum ke riga kowa amsawa. Tun da ya tafi ba ta ƙara ba. Wutar dai tana hurawa, ta zauna tana juya garwashi da tsinke.

Wata rana mushe, malaminmu, ya zo aji da wani dutse da ya tsinto a wajen Adar. A jikinsa akwai shatin ƙwaryar kifi ƙarama, kamar an danna ta a laka. Ya ce a dā can teku ne ya rufe ƙasar, kuma duniya ta yi shekaru miliyoyi kafin mutum ya taka ta. Yara suka yi ta wawar taɓawa. Ni ma na taɓa, na ji sanyi, shi ke nan.

Da yamma muna cin abinci na faɗa, ba don komai ba, sai don an daɗe ba wanda ya yi magana a kan akushi. Baba ya tsame hannunsa.

"Kwana nawa Littafi ya ce?"

"Shida, Baba."

"Mushenku ya ce nawa?"

"Bai ce kwana ba. Miliyoyin shekaru ya ce."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "An ɗauke mini guda, ba ni ba da ta biyu da hannuna. Daga gobe kin gama lakwal."

Na ce to. Innarmu ta kwashe kwanuka. Ni ce yarinya kaɗai a ajinmu da ta iya karatu ba ta in'ina, kuma na san abin da zama gida yake nufi, amma na duba cikina ban sami komai ba, ba tsoro, ba haushi.

Da aka yi magariba Kaka ta hura wutarta. Baba yana zaune bayan darni, taku biyar ne tsakaninsu. Ta yi gyaran murya ta ce, "Ga wata ta taso daga bayan dutsi." Muka yi shiru, ni da 'ya'yan maƙwabta biyu. Kowa yana jiran muryar da ba za ta zo ba. Can sai Innarmu ta amsa daga bakin murhu, a hankali, "A ba ta tabarma."

Kaka ta ce an yi wata tsohuwa maginiya a wani gari mai nisan rijiya. Ta gina randa wadda ba a taɓa ganin irinta ba, garin duka na sha daga cikinta. Jikanta ƙarami ya tambaye ta yadda ta yi. Ta kama yatsunsa tana lanƙwasawa: ta haƙo yumɓu, ta jiƙa, ta kwaɓa, ta gina, ta shanya, ta gasa. Shida. Sannan ta zauna ta huta. Yaron ya riƙe wannan har ya zama mutum.

Sai wani baƙo ya zo, masanin tukwane. Ya ƙwanƙwasa randar, ya kanga kunne, ya ce yumɓun nan ya kwanta a tafki tun kafin a haifi kakannin garin, shanyar kaɗai ta ci rani guda. Jikan ya ce an ƙaryata kakarsa. Baƙo ya ce shi abin da ƙasa ta gaya masa ya faɗa. Wannan ya ja randa, wancan ya ja, har ta faɗi ta tarwatse, ruwan ya bi rairayi. Aka je aka tambayi tsohuwa wanda ya yi ƙarya.

Nan Kaka ta ɗaga murya, ba don mu ba. "Sai tac ce, ba ko guda. Wanga ya ƙilga ayyukana, wancan ya ƙilga haƙurina. Yaro ne yat tambaye ni, da yatsu nai na amsa mishi. Yanzu wa ka ba gari ruwa?"

Daga bayan darni Baba ya ce, "Inna, Allah ba maginiya ba ne."

"Ni ban iya karatu ba," in ji ta, "amma ina da kunne. Kai da bakinka ka karanta muna cewa kwanan Ubangiji ba irin namu ba ne. Damina huɗu yaron ga ya yi. In da ma'auninka aka auna, sai ka ce an yi mishi rowa. Ni ban ce ba. Ban san tsawon ranar Ubangiji ba, kai ma ba ka sani ba. Mi ɗiyar ga ta yi maka?"

Muka ji Baba ya tashi, ya shiga ɗaki. Kaka ta tone gujiya ta raba mana, ta ce tatsuniya ta naɗe tabarmarta ta koma. Na ci rabona. Ya ƙone, amma ban ji ɗacinsa ba.

Kwana uku na yi a gida ina surfe. A na huɗu da safe na tarar da allona da littafin rubutuna a bakin ƙofa. Baba yana ɗaura wa jaki akumari, bai dube ni ba, ya ce, "Rana ta yi." Bai taɓa cewa ya sake ra'ayi ba. Ya ci gaba da karanta kwana shida a majami'a yadda yake a rubuce, ni kuma na ci gaba da zuwa aji.

Daga baya na zama malama, na koyar a Dogon Kiriya da wasu ƙauyuka. Na karanta bayanin masana a kan shekarun duwatsu, na yarda da shi, kuma ban daina zuwa majami'a ba. Na ji masu ilimi suna ƙoƙarin daidaita biyun da dogon jawabi. Wasu sun gamsar da ni, wasu ba su yi ba. Abin da na gane a hankali shi ne, a ranar Kaka ba gardamar shekaru take son kashewa ba. Ta ga ɗanta ya rasa abin riƙewa sai ƙirga, yana shirin biya da ni, shi ne ta sa baki.

Da Baba ya tsufa idanunsa suka yi rauni, ni ke karanta masa in na zo hutu. Wata rana da hantsi na gama karanta masa farkon Littafi, sai ya ce, "Hannatu, miliyan nawa ne ma kuka ce?"

Na gaya masa. Ya fara lanƙwasa yatsu, ya kai uku, ya bari, ya ajiye hannun a gwiwa.

Ya ce, "Ashe Ubangiji ya daɗe yana jiranmu."