Waken Seu Genival Mai Jan Zare

Seu Genival magini ne, rabin gidajen unguwarmu a bayan garin Caruaru na ƙasar Brazil shi ya ɗora musu bulo. Mutum ne mai ji da kansa, ko kasuwa za shi sai ya goge takalmi. Shekara talatin, duk Lahadin farkon wata da kowa ke kai kilo ɗaya na abinci coci domin mabuƙata, shi ne kan gaba da ledarsa.

Sai ya faɗo daga tsani, ƙugu ya tashi aiki. Ya cike takardun neman kuɗin naƙasa, likita ya duba shi, aka ce ya koma gida ya jira sakamako. Wata ya bi wata, shiru kake ji. Matarsa Dona Zefinha ce ta lallaɓo ta same ni, don ni ke haɗa kwandunan taimako na cocinmu: shinkafa, wake, garin rogo, mai da gahawa. Ta roƙe ni in riƙa kawo nasu ta ƙofar baya.

Waken nan buhu muke saya, ni ke aunawa a leda, in ɗaure da jan zare, ƙulli biyu. To wata Lahadi ina bakin ƙofar coci ina karɓar kilon jama'a, sai ga Seu Genival da sanda, riga ta sha guga, ya miƙo mini wake. Na duba, jan zare, ƙulli biyu. Na karɓa, na yi kamar ban gane ba. Wata na biyu ma haka. A na uku kuwa raina a ɓace yake, kwanduna sun ƙare, mun sallami iyali biyu hannu rabbana.

"Ina kwana, Dona Marluce. Ga nawa kason."

"Naka? Haba Seu Genival, ka ji tsoron Allah! Waken nan ai ya fi ka zuwa coci. Ni na ɗaure shi ranar Alhamis na kai gidanka. In ya yi muku yawa ku faɗa, akwai masu jira."

Baki shi ke yanka wuya, wallahi. Mutanen da ya gina wa gidaje duk suna tsaye, kuma babu wanda ya san yana karɓar kwando sai ranar. Ya ajiye ledar, ya cire hula, ya shiga ya zauna a bencinsa har aka tashi.

Da Alhamis ta zagayo na kai kwando, Zefinha ta tare ƙofa.

"Ya ce an gode, a ba masu jira."

"Haba 'yar'uwa, suɓutar baki ce."

"Kin san kwana nawa yake cin shinkafa gaya don ledar nan ta fita? Nasa rabon yake warewa, bai taɓa taɓa nawa ba."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Fada, limamin cocinmu, ya je da kansa ya ba shi baki, ya ƙi. Ni sau uku ina kama hanyar gidan, in na hango ƙofar sai kunya ta juyo da ni. Wata biyar suka ƙara suna jira ba kwando. Zefinha ta sayar da keken ɗinkinta, shi kuma wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma bai fasa zuwa coci ba, sai dai ranar kilo yakan shiga ta ƙofar gefe.

Daga ƙarshe sakamako ya fito, an amince masa. Lahadin farkon wata sai ga shi a layina, takalmi na ƙyalli. Kafin in fara ban haƙurin da na yi wata biyar ina shiryawa, sai ya riga ni. Ya ɗora mini wake a hannu, na kanti, wanda inji ya liƙe wa baki, ya juya shi gaba da baya.

"Duba da kyau, Dona Marluce," ya ce. "Babu zare."