Babayo, Bakaniken da Ya Ƙi Yanke Tiyo

Kafin Bilya mai shayi ya hura wuta, Babayo ya riga ya iso gareji. Rumfar kwano ce a bayan tashar Gashuwa, da dalbejiya guda. Ba ya fara taɓa sifana. Zagayawa yake yi, ya durƙusa gaban kowace mota da ta kwana a wurin, ya leƙa ƙasa ya ga abin da ta ɗigar. Baƙi, man inji. Ja, man sitiyari. Ya dangwala da yatsa, ya shinshina, ya shafe a gwiwar wando. Sannan ya sha shayi a tsaye. Gaisuwarsa ba ta wuce "Lafiya." Haka yake tun zamanin soja. Bana ya daina. Ciwon ƙoda ya kumbura masa ƙafafu, durƙuso ya gagara. Shi ya sa na ɗauki biro.

Akwai aikin da ba wanda ya sa shi. Duk motar da ta kife tsakanin Nguru da Gashuwa, shi ake kira ya jawo. Kafin dangi su zo gani, sai ya ɗebo ruwa da sabulu ya wanke kujerun da hannunsa. Dunoma mai walda, maƙwabcinsa, ya taɓa ce masa, "Kai, wannan ai ba aikin bakanike ba ne."

Ya ce, "Uwa ce za ta leƙa."

Kanikawan ƙasarmu suna da wata magana. In motar Beljiyam ta zo, aka ɗaga bonet aka ga abin da ba a gane ba, sai a ce, "Na ƙasar sanyi ne." A cire, a jefar. Sau da yawa a dace, mota ta tashi, kowa ya ce gwani. Babayo ma ya taso ya tarar ana faɗa. Bai taɓa yarda da ita ba sai ya taɓa abin da hannu.

Wata bazara, bayan dawowar farar hula, Hashim ɗan Alhaji Mudi, mai hatsi a Nguru, ya shigo da wata mota ta kan iyakar Machina. Ƙofa biyu, ciki dab da ƙasa kamar kada. A kan injin akwai abin hura iska, sufacaja, wanda in an taka ta yake sa ta yi fito kamar shirwa. Ba a yi ta don hanyarmu ba. Ba ta daɗe ba wani rami ya daki ƙasan bamba, ya fasa ɗan ƙaramin lagireton da ke sanyaya man sitiyari. Hashim ya lallaɓo da ita gareji tana zubar da ja.

"Baba, cire min wannan tarkacen, ka haɗa tiyo da tiyo. Na ƙasar sanyi ne."

Babayo ya kwanta ƙarƙashinta. Ya kama tiyo ɗaya, ya saki da sauri. Ya kama ɗayan, ya riƙe. Ya fito.

"Mai yana shiga da zafi, yana fita da sanyi. Wannan na ƙasar zafi ne. Namu ne."

"To liƙe shi mana."

"In na liƙe shi a nan, rami na gaba zai sake fasa shi. Sama zan mai da shi, bayan ragar gaba. Bar min ita zuwa gobe."

Hashim ya yi dariya. "Gobe? Baba, ana jirana ɗaurin aure. Kai da ka saba da Fijo mai tari, ina ka san wannan?"

"Ban san ta ba. Shi ya sa ba zan yanka ba."

"Tsoro kake ji ke nan."

"Ƙwarai."

Bilya ya ce har bakin titi Babayo ya bi shi yana cewa, "Ɗana, ko ba ni ba, kada ka bari a yanke." Hashim ya ɗaga masa hannu ta taga. Wani gareji ya shiga. Kafin a kira azahar an cire, an haɗa masa tiyo da tiyo.

Hanyar Nguru ba ta barin sitiyari ya huta. Rami dama, rami hagu, rana a ka. Hashim ya yi ta zirga-zirga a kanta har bazara ta kai tsakiya. Ranar da abin ya faru, kusa da mararrabar Dagona, man ya tafasa, tiyo ya fashe, sitiyari ya ƙage a hannunsa daidai lokacin da yake kauce wa amalanke. Motar ta kife. Masunta ne suka ciro shi. Bai kai asibiti ba.

Babayo ne ya jawo motar. Ya wanke ta. Da ya leƙa ƙasa ya ga irin ɗaurin wayar da aka yi wa tiyon, ya gane hannun wanda ya yi, don kanikawa sun san ɗaurin juna kamar yadda aka san rubutu. Alhaji Mudi ya zo da mutane a bayansa, idonsa jawur.

"Malam Babayo, wa ya taɓa motar nan?"

"Alhaji, dukkanmu. Kowane gareji a garin nan haka zai yi."

"Suna nake so."

"Ba ni da shi."

Yana da shi. Dunoma ya ce washegari Babayo ya sa guntun tiyon a aljihu, ya tafi shi kaɗai wurin mutumin, ya ajiye masa a kan benci, ya juyo. Ni ma ba zan faɗi sunan ba. Kai ne ka rufa, Baba, ba ni zan buɗe ba.

Da a nan ta ƙare, da sauƙi. Alhaji yana da ɗa namiji guda da ya rage, Hizbullahi. Bayan sadakar arba'in yaron ya ce a tayar masa da motar wansa, ita zai hau. Uban ya yi faɗa, ya gaji. Sai ga Hajiya Saratu, mahaifiyarsu, da kanta a gareji, macen da ba a taɓa ganin ƙafarta a tasha ba. Ta tsaya nesa da motar, ba ta kalle ta ba.

"Malam, ka ƙone ta."

"Hajiya, in na ƙone ta, wata zai sayo. Wani bakanike zai kai wa."

"To ya zan yi? Shi kaɗai ne."

Babayo ya ce, "Ki bar ta a hannuna. Kwana na Allah ne. Amma ba ta nan mutuwa za ta zo masa ba."

Ya aika Kano aka nemo wani ɗan lagireton. Ya cire bamba, ya auna da tafin hannu, Dunoma ya lanƙwasa masa ƙarafunan riƙi. Suka ɗaga shi sama, bayan raga, inda iska ke bugu kuma rami ba ya kaiwa. Ya ja sabon tiyo nesa da zafin inji, ya naɗe duk inda zai gogi ƙarfe da guntun tsohuwar taya. Hizbullahi yana zuwa kullum yana huci.

"Baba, gini kake yi ne?"

"Zauna."

"Rainin hankali ne kawai. Wani da tuni ya gama."

"An gama wa yayanka da wuri."

Hizbullahi ya nemi wuri ya zauna.

Da ya kammala, bai miƙa makulli ba. Shi ya shiga. Ya jira rana ta take, ya kama hanyar Nguru, ya bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, ya wuce wurin da Hashim ya faɗi, ya juyo. Yana da iyali a lokacin, 'ya'yansa ƙanana. Dunoma ya ce masa, "Ka haukace?" Ya ce, "In za ta ci wani, ta fara da wanda ya ɗaura." Ya dawo, ya kama tiyon da hannu, ya riƙe. Sannan ya ba da makulli.

Kai ne wannan, Babayo, ƙarfen riƙi, ba a ganinka sai an cire bamba. Ba ka tara komai ba. Yanzu kana kwance a soro, waɗanda suka ce ka cika nawa suna wucewa da motocinsu.

Ku masu riƙe da sifana, daga Nguru har Kumagannam, ba na ce ku san komai ba. Shi ma bai sani ba. Amma in kun ga abin da ba ku gane ba, ku taɓa, ku tambaya, ku bar mai mota ya zage ku ya tafi. Zagi yana wucewa.

Hizbullahi yana nan. Ya sayar da motar da daɗewa, ya yi teɓa, ya gaji rumfar ubansa. Hajiya Saratu tana goyon 'ya'yansa. Bai taɓa zuwa duba ka ba, kuma ba na jin zai zo. Wanda bai mutu ba bai san an cece shi ba. To ni na zo a madadinsa. Mun gode, Baba. Allah ya sa kaffara ne, ya tashi kafaɗunka.