Hancin Fidelis da Kwalbar Bikin Ladi

Duk wanda ya san mijin yayata Fidelis ya san hancinshi ke riga ƙafarshi shiga kasuwa. Ba wani girma ne da hancin ba, ɗan madaidaici ne, aiki ne dai gare shi. Doya, sabulu, tayar keke, takin zamani, ba ya biyan kuɗin komai sai ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata, bari hanci ya gani." Sai ya lumshe ido ya ja numfashi, mai kaya na tsaye kamar wanda ke jiran hukunci a gaban alƙali. Shi ya sa daga tashar Funtuwa har layin 'yan kayan keke inda shagonshi yake, ba mai ce mashi Fidelis. Baba Hanci ake cewa, kuma yana amsawa.

Ku jikoki da ba ku riske shi da ƙarfinshi ba, Ibo ne. Ya zo Funtuwa yana saurayi, ya auri yayata Saratu daga ƙauyenmu na bayan Kafur, ya zauna har Hausarshi ta fi tawa. Ni kuwa Markus, ƙanin matarshi, aji biyu na yi a makarantar mishan, na ga karatu ba ya sona, ni ma ban matsa mashi ba. Na zo wurinshi da sunan koyon ciniki, na ƙare da ƙwarewa a tukunyar gidanshi. Ɓeran ɗaki yake ce mani. In na je kasuwar Kafur na ɗan taɓa burkutu, sai in tauna albasa da goro kafin in shigo gida. Ko ɗago kai ba ya yi.

"Ɓeran ɗaki, an dawo? Burkutun gidan Talatu, da albasa a kai. Wa ya ce maka albasa sabulu ce?"

Shekarar da auduga ta yi kuɗi kowa na sayen rediyo, ni na raka shi kanti. Ya juya ta farko ya shinshina bayanta, ya ce an taɓa buɗe ta, yana jin warin dalma. Ta biyu ya ce ta kwana kusa da kifi. Sai da mai kanti ya fara duban ƙofa kafin ya sami wadda hanci ya yarda da ita. Muka kawo ta gida, aka tara maƙwabta, aka kunna. Ba Kaduna, ba Kano, ba ta kama komai sai wata tasha da ake zuba Faransanci.

Na ce, "Oga, mu mayar."

Ya ce, "A mayar da me? Ka ji ƙamshinta kuwa?"

Haka ya yi shekara da shekaru yana zama da yamma yana sauraren Faransanci, yana gyaɗa kai kamar da shi ake.

Ciwonshi na biyu araha. In ya ji an karya farashin abu, ƙafarshi har rawa take yi. Shi ne ya taɓa sayo kalandar coci ta bara, ɗauri guda, don an bar mashi a rabin kuɗi. Yaya ta ce me za a yi da kalandar da ta wuce. Ya ce hotunan ba su tsufa ba. Ya rataya ɗaya a shago, kuma da ita ya yi aiki, har ya sa muka yanka zakaran Ista alhali ana tsakiyar azuminmu na kafin Ista.

To waɗannan ciwuka biyu, hanci da araha, ba su taɓa yin faɗa da juna ba sai a kan bikin Ladi.

Ladi 'yarsu ce, ita kaɗai Allah Ya bar masu. Tun tana rarrafe a shago take, a kan tarin tayoyi take barci. Da ta girma ta gama makarantar horon malamai, sai ga Tunde, Bayarabe haifaffen Funtuwa, makanike a kamfanin gurzar auduga. Ranar da ya zo gaisuwa ya kwanta rub da ciki irin nasu, Fidelis ya ɗago shi ya rungume, ya ƙi saki. Mutane suka ce kai, suruki ya karɓu. Ni da na san hali na ga hancin na yawo a wuyan rigar yaron.

Da baƙi suka tafi na ce, "Oga, me hanci ya gani?"

Ya ce, "Man inji da sabulun wanki. Ba taba, ba giya." Ya faɗe shi da murya kamar mai sanar da rasuwa.

"To ai da kyau."

"Na ce maka ba kyau?"

Aka yi komai, aka kai abin da ake kaiwa, saura sa rana. Nan Fidelis ya kafe. A al'adarsu ta Ibo, ranar biki uba ke zuba bammi a kofi ya ba 'yarshi, ta ratsa taro tana neman mijin, in ta same shi ta durƙusa ta miƙa mashi. Ya sha, aure ya tabbata. Fidelis ya ce ba zai sa rana ba sai ya sami abin da ya isa a zuba a kofin Ladi.

Aka kawo bammi daga kudancin Kaduna, kafin ya iso ya yi tsami. Hanci ya ƙi. Aka sake kawowa da mota mai sauri, ya ce jarkar ta taɓa ɗaukar kananzir. Mutanenmu na Kafur suka dafa burkutu na gani na faɗa suka aiko. Ya shinshina, ya yaba, ya ce amma 'yarshi ba za ta ratsa taro da dusa na yawo a kofi ba. Ni na taimaka wa wannan tulun, don kada a ce an yi asara.

Damina ta shiga, ta yi nisa. Shi kuwa Tunde ya sami aiki a Ikko, Legas ɗinku ta yanzu, da kaka zai tafi. Iyayenshi suka yi ta aike har suka gaji. Uwar ta fara faɗa a kasuwa cewa a garinsu ma akwai 'yan mata, kuma iyayensu ba sa shinshina ruwa. Kowa ya gane: in kaka ta yi ba a sa rana ba, yaro zai tafi shi kaɗai, kuma da wuya ya waiwayo. Ladi ta daina zuwa shago.

Ana cikin haka sai ga Emeka direba, mai jigilar kaya tsakanin Kaduna da Funtuwa, da kwalba a naɗe cikin tawul. Lokacin gwamnati ta tsuke shigo da kayan waje, wani ɗan Labanan, irin waɗanda muke ce wa Kwara, zai rufe kantinshi ya koma gida. Yana da kwalayen jan ruwan inabi na ƙasar waje, ya karya su rabin kuɗi. Sharaɗinshi ɗaya: ba ɗanɗane, ba mayarwa. Ga kwalba guda a gani da ido. In aka buɗe ta, to an sayi kwalayen gaba ɗaya. Kuma mutane na ta kwasa.

Da Fidelis ya ji "rabin kuɗi", na ga ƙafar ta fara rawa. Ya karɓi kwalbar ya ce, "Bari hanci ya gani." Ya bi ta daga wuya har gindi. Ya sake bi. Bakin a toshe da wani ɗan itace mai laushi, an kuma naɗe shi da dalma.

"Me ka ji, Oga?"

"Ƙura. Da tawul ɗin Emeka."

Wannan irin saye shi ne yau kuke yi a waya, ku ga hoto ku biya. Mu a lokacin ba mu taɓa gani ba. Mutumin da ko ashana ba ya saye sai ya shinshina, an ce ya zuba kuɗi a kan abin da ke kulle cikin gilashi. Ya bari kuma, rabin kuɗi ya wuce shi. Kwalbar nan ta zama kamar jinjira. Da ita yake zuwa shago, da ita yake dawowa. Ya ɗaga ta a rana ya duba ja. Ya girgiza ya kai kunne. Har a rana ya shanya ta, ko zafi zai sa ta yi gumi ya ji wani abu.

Na ce, "Oga, ga rubutu nan a jiki. Kai da ka daɗe kana jin Faransanci a rediyo, karanta mana."

Ya jefe ni da famfon keke.

Ƙarshe muka kai wa Fada, wani tsohon Bature da ke cocinmu. Ya sa tabarau ya duba, ya ce abu ne mai kyau, ba na sarakuna ba amma ba na kunya ba. Ya ƙara da cewa inabi iri-iri aka haɗa a ciki, daga gonaki daban-daban.

Fidelis ya miƙe tsaye. "Gauraye?"

Fada ya ce haka masu yi ke yi da gangan, wani ya ba da zaƙi, wani ya ba da ƙarfi. Ina, Fidelis ya riga ya kai ƙofa. A hanya har fara'a yake yi, rabon da in ga haƙoranshi tun kafin damina. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, ya san dalilin da ke sa a zuba tsohuwar dawa cikin sabuwa, ya san abin da ake haɗa man gyaɗa da shi. Ba a gauraya abu sai in akwai abin da ake ɓoyewa.

Muka iso gida da la'asar. Yaya Saratu na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Emeka na zaune a dakali, ya zo karɓar kuɗi ko kwalba, don washegari zai koma Kaduna. Ladi na ɗaki, labule a sake. Fidelis ya ajiye kwalbar a kan turmi, ya maimaita wa'azinshi na gauraye, da ƙarfi don kowa ya ji, ya ce wa Emeka ya ɗauki kayanshi.

Kun san Yaya ba mai yawan magana ba ce. Ba ta ma daina ɓarar gyaɗar ba.

Ta ce, "Baban Ladi, kai Ibo, ni 'yar Maguzawan Kafur. Da kake zarya da keke zuwa gidanmu, ka manta abin da tsohona ya ce? Ai shi ma gauraye ya kira shi. To ga gaurayen can a ɗaki, ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Shiga ka shinshina ta, ka fito ka gaya mani abin da aka ɓoye."

Emeka ya kama duban takalminshi.

Ta zuba gyaɗa a faranti, ta ce, "Ba bammi ba ne, ba burkutu ba ne, ba wannan kwalbar ba ce. Ko ruwan da Yesu Ya mayar ruwan inabi a bikin Kana aka kawo maka sai ka ce randar ba ta wanku ba."

Fidelis ya zauna a kan kujerar tsuguno. Ya daɗe yana kallon labulen nan. Can ya ce, a hankali, "Ikko da nisa, Saratu."

Ta ce, "Garinku ma da nisa. Uwarka ta bar ka ka zo."

Ya share fuska da tafin hannu, ya ce mani, "Ɓeran ɗaki, kawo abin buɗewa." Wane abin buɗewa? Duk unguwar ba mai shi. Na ruga shago na ɗauko ƙusa mai murɗi da filaya. Ya murɗa ƙusar cikin itacen, na riƙe gindin kwalba tsakanin gwiwoyina, ya ja, na ja, har na faɗi zaune. Marfin ya fito.

Bai ce a dakata ba, bai ce bari hanci ya gani ba. Ya kai bakin kwalbar hanci ya lumshe ido. Muka yi ta jira. Labule ya ɗan motsa.

Yaya ta ce, "To?"

Ya buɗe ido, sun yi ja kamar abin da ke cikin kwalbar. Ya ce, "Na so in sami laifi." Ya juya wajen ɗaki. "Ladi, fito ki ci abinci. A gaya wa mutanen Tunde su zo ranar Lahadi."

Emeka na ƙofa zai fita Fidelis ya kira shi, ya ce ya tambayi Kwaran ko zai ƙara ragi tunda an riga an sha kwalba ɗaya. Ba wanda ya sha ko ɗigo a lokacin.

An yi biki bayan an cire gero. Ladi ta karɓi kofi daga hannun ubanta ta shiga taro, ta biyo ta gabana, na miƙa hannu. Ta ce, "Kawu, kauce." Da na sami nawa rabon daga baya, gaskiya ni burkutu ya fi mani. Wannan kamar zoɓon da aka ɓata wa rai yake. Amma surukai sun yaba, Fada ya ƙara kofi, washegari kuma Fidelis ya tattara kwalaben ya sayar wa mata masu man gyaɗa.

Marfin farkon nan ne kawai bai sayar ba. Da ramin ƙusar a jikinshi, yana aljihun gaban rigarshi kullum. In kasuwa ta yi sanyi sai ka ga ya zaro ya kai hanci. Har ya tsufa, hancin ya daina aiki, miya ta ƙone a gabanshi bai sani ba, bai daina ba. Wata rana na ce, "Oga, ƙamshin nan ai ya fita tun zamanin soja."

Ya ce, "Kai ne ba ka ji."

Da ya rasu, Ladi ta zo daga Ikko, ita ta ninke kayanshi. Ta sami marfin a aljihu. Sai na ga ta kai shi hanci.

Kwanan baya 'yarta ta zo gaishe ni, take nuna mani a waya wai an karya farashin irin wannan jan inabin, gauraye ne ma, tana shawarar ko ta saya don bikinta. Ta miƙo mani wayar in ga hoton. Sai dariyarta na ji. Ashe na kai wayar hanci.

Oga Fidelis, ɓeran ɗakinka ya tsufa, haƙoran cin naman ma sun zube. Ubangiji Ya ba ka hutawa, Ya sa ka kusa da Yaya Saratu, Ya tsare maka Ladi da zuriyarta a duk nisan da suke. In an miƙo maka kofi a can, don Allah ka karɓa kawai. Amin.