Laffayar Yagana a Cikin Hadari

Jama'a, duk unguwar Dala ta Maiduguri babu wanda bai san ni da taurin zuciya ba. Na taɓa yin barci a saman motar kifi tun daga Baga tana zabga gudu, kuma ranar da kunama ta harbe ni, ita ce ta kwanta jinya. Amma wallahi abin da zan faɗa muku ya faru da ni, ba hirar majalisa ba ce.

Shekarun baya ne, tsakiyar damina, na kai huluna Abuja na sayar, na ce yau jirgi zan hau in dawo Maiduguri kamar manya. Kusa da ni wani dattijo ne, Baba Ishaku, ma'aikacin coci daga wajen Biu, tun tashinmu yake riƙe da hannun kujera, ni kuwa ina ta yi masa tsiya. Da aka ce mun kusa sauka kowa ya ɗaura bel, sai na kwance nawa, don Allah ya yi mini arzikin tumbi, na lulluɓe da babbar riga. Ya ce, "Alhaji, ba ka ji sanarwa ba?" Na ce, "Haba Baba, ga wanda ya hau motar Baga ai wannan katifa ce."

Ban rufe baki ba muka shiga hadari. Ni da na saba ganinsa daga ƙasa ina murnar za a yi sanyi, ashe cikinsa wata duniya ce. Da la'asar sakaliya taga ta yi baƙi ƙirin, ƙanƙara tana dukan jirgi kamar ana watsa tsakuwa a rufin kwano, sannan maimakon mu yi ƙasa sai na ji ana ɗaga mu sama, sama, kamar wani ƙato ya sa mana tafin hannu.

A nan na gan ta. Walƙiya ta haska, sai ga koriyar laffaya ta taso daga ƙasa ta manne a jikin tagata. Ta matata Yagana ce, ni na saya mata, har da ƙunar da garwashi ya yi mata a gefe. Ba ganin ne ya kashe mini jiki ba, ƙamshin ne. Jirgi a rufe ruf, amma turaren wutar da Yagana ke haɗawa da hannunta ya cika mini hanci. Baba Ishaku ma sai da ya ce, "Wa ya kunna turare?" Ban san lokacin da hannuna ya lalubo bel ya ɗaura ba.

Ƙarfen bel ɗin na cewa ƙas, jirgin ya rikito. Hulata ta bugi rufi ta koma faifai, kuma da ban ɗaura ba, wuyana ne zai yi wannan tafiyar. Ni jarumin Dala na ƙanƙame Baba Ishaku ina kwarara salati, shi yana kiran Yesu, babu wanda ya ce wa wani sassauta.

Da muka fita, matuƙin ya yi bayani cewa cikin irin wannan hadari akwai iska mai hawa sama, ƙarfinta na iya rinjayar jirgi, ta ɗaga shi sannan ta sake shi lokaci guda, shi ya sa suke kauce mata, wannan kuwa farat ɗaya ta taso musu. Muka yi shawagi har gari ya lafa, muka sauka lafiya.

Na isa gida na tarar da Yagana tana faɗa. Wai ta shimfiɗa laffayar a kan kabbasa, kwandon da ake kifawa kan kaskon turare, a tsakar gida tana turarawa, ta shiga ɗaki ɗauko wani turaren, iska ta sure ta. An nema har unguwar Galtimari, har yau shiru. Iska na iya ɗaga yadi, na yarda, amma wa ya nuna masa tagata, kuma ta ina ƙamshin ya shigo? Yanzu ko a biki na ji irin turaren nan, sai na shafa cikina ina neman bel. Ku dai in an ce ku ɗaura, ku ɗaura, ko da tumbinku ya kai randa.

Na zauna na ba Yagana labari tsaf, har da yadda na kwantar wa fasinjoji hankali. Ta kalle ni, ta kalli hular, ta ce, "Alhaji, ku biyu iska ta ɗauka, amma kai kaɗai ka dawo da dasasshiyar murya."