Inda Aka Kwantar da Baban Yara

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma a unguwarmu ta Jiddari Polo babu wanda ya kai ni riƙe labari. Shi ya sa 'yata ta fari, mai shagon buga takardu a unguwar Moduganari, ta shekara biyu tana zaunar da ni kowace Asabar. Ina faɗa, tana bugawa a kwamfuta. Kowane zama da fayil ɗinsa, sunansa kuma ranar da aka yi shi kawai.

To, bara ɗana ya ce zai je ƙauyenmu a kudancin Borno ya zuba siminti a kan kabarin ubansa, tunda hanya ta yi sauƙi. Ya tambaye ni wurin. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga na manta. Ni! Wurin da na tsaya da ƙafafuna. Ƙauyen ya watse, tsofaffin da suka sani sun tafi. In ban tuna ba, ya ɓata ke nan.

Na tafi shagon. 'Yata ta ce, "Kin taɓa faɗa mini, Mama. Yana ciki."

Ta rubuta sunan ubanta a wani ɗan akwati a saman allon kwamfutar. Babu. Ta ce ai na'urar sunayen fayil kawai take dubawa, sai an umurce ta ta leƙa cikinsu. Ta danna wani abu, muka zauna jira.

Na ce, "Wa ke karantawa?"

"Ita."

"Duka? Ba ta buɗe ko ɗaya ba fa."

"Tana karantawa a rufe."

Har yau ban gane wannan ba. Ko tukunya sai ka ɗaga murfi.

Ta gama, babu. Kaina ya ɗaure. Shekara biyu ina maganar mutumin nan, a ce ba ya ciki? Na fara zargin 'yata da share shi. Sai ta saki dariya har da riƙe ciki.

"Mama, yaushe kika taɓa kiran sunan Baba?"

Gaskiya ne. Mace mai kunya ba ta kiran sunan mijinta, ko bayan ransa. Baban yara nake cewa. Ta rubuta haka, sai ga fayiloli sun zubo, kusan dukansu. Ta gwada kalmar kabari, babu.

"To me kike cewa, Hajiyar kunya?"

"Ke, kiyaye ni. Cewa nake an kwantar da shi."

Ta rubuta, guda uku suka fito. Na farko jariri ne aka kwantar, na biyu asibiti. A na uku ta daina dariya, ta karanta a hankali: an kwantar da baban yara bayan tsohuwar rijiya, tsakanin giginya biyu, kansa wajen dutse.

Na saurara kamar labarin wata. Giginya biyu? Ni da nake ta laluben tsamiya a kaina.

"Kin tabbata ni na faɗa?"

"Bakinki ne, Mama. Ni ban taɓa zuwa ba."

Ta buga shi a takarda, ɗana ya tafi da ita. Bayan kwana uku ya kira daga can. Rijiyar ta cike, giginya ɗaya an sare, amma kututturen yana nan, kuma ga tudun ƙasa a tsakani.