Man Kaɗe a Jikin Motar Injiniya

Bari in riga maƙiyana faɗa, tunda dai sai sun faɗa: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ba kuma ƙaramin wawa ba, cikakke, mai furfura da lasin tuƙi na ƙasa biyu. Amma a yi mini adalci, da ilimi na tafka wautar tawa, don ni ba jahili ba ne. Na yi firamare har na hango ƙarshenta daga nesa, na kuma zauna ajin yaƙi da jahilci, inda aka tashi canjaras tsakanina da shi.

Aikina a Doha tuƙi ne. Ina jan motar wani injiniya Bakatsine da ke aikin gas, gidansa a unguwar Mesaimeer. Shi ne kafil ɗina, wato da sunansa nake zaune a ƙasar, ran da ya janye hannunsa ran nan zan ɗaure kayana. Motar baƙa ce wuluk, ƙatuwa, irin wadda Larabawa ke hawa tudun yashi da ita. Ni ke tuƙa ta, ni ke wanke ta kowace safiya da bokiti da garin sabulu da wata tsohuwar singileti da ta yi mini hidima a jiki kafin ta koma yi wa mota. Hajiya, matar gidan, ta daɗe tana so a sallame ni a kawo mai jini a jika. Wai idona ya yi rauni, don kawai na taɓa wuce kwanar makarantar yara sau ɗaya, ko biyu, Allah ne masani. Abin da ya riƙe ni a gidan magana ɗaya ce da Injiniya ke mayar mata: "Ki bar Baba, yana riƙe motar nan kamar 'yar cikinsa." To a bana iƙamata, takardar zama ke nan, ta kusa ƙarewa, sabuntawa kuma sai ya ga dama. Kun ga ashe ba ƙarfe nake wankewa ba, abincina nake wankewa.

Kwana kuwa a unguwar Najma nake yi, a ɗakin da muka cika kamar ashana, gado bisa gado. A saman gadona Allah ya jarrabe ni da wani ɗan Zangon Kumasi, ƙato, mai gemu kamar tsintsiyar kwakwa, wanda ke aiki a shagon gyaran jikin mota. Ba makanike ba ne, kada ku ba shi girman da ba nasa ba. Goge-goge yake yi: ya shafa wa mota mai, ya bi ta da inji mai juyawa, ya manna mata leda. Ni da shi ba ma ga maciji. Shi yana son na'urar sanyaya ɗaki ta kwana tana huci ko a tsakiyar sanyi, ni kuma ƙashina ba ya so. Ni in kashe, shi ya miƙo ƙafa daga sama ya kunna da babban yatsa. Tsoho yake ce mini, ba Baba ba, ba Malam ba, Tsoho tsurarsa, kamar sunan da aka yanka mini rago da shi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ba zan yafe ba shi ne na wata Juma'a, da sanyi ya fara shigowa. An idar da salla, na buɗe wa Injiniya ƙofa, sai ga ɗan Zango ya ratso mutane yana washe baki.

"Ranka ya daɗe, wannan motar naka ne? Masha Allah. Wa ke wanke shi?"

Haka suke magana, mota ma namiji ce a wurinsu. Injiniya ya nuna ni. Mutumin nan ya zaro waya, ya kunna tocila da rana tsaka, ya haska murfin injin. Sai ga wasu zare-zare a jikin fentin, zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Ni ban taɓa ganinsu ba, kuma har gobe ina zargin tocilar.

"Ka gani? Tsumma ne ya yi wannan. Ga sanyi ya zo, raɓar garin nan gishiri ne zalla, daga teku yake tasowa. Ruwa ya sauko da laka, ka fita sahara yashi ya feffeɗe gaban. Kawo shi shago mu goge, mu sa masa seramik, ruwan da ke bushewa ya zama garkuwa ga fenti, mu rufe gaban da leda. In ka bar wa Tsoho, kafin zafi ya dawo baƙin nan ya zama toka."

Na ce, "Kai, ɗan goge-goge, ina jan mota tun kana tsotson yatsa."

Ya ce, "Shi ya sa duk motocin zamanin nan suka mutu."

Injiniya ya yi dariya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. A hanya ya ce zai duba maganar shagon. Na san in motar ta koma hannun shago, an cire mini tsani ke nan, saura tsohon direba mai wuce kwana. Na gyara murya na ce masa, "Ranka ya daɗe, kada ka bari a yi maka wayon birni. Kare fenti daga sanyi ai sana'armu ce tun kakanni. Ka bar mini." Ya dube ni ta madubi ya ce, "To Baba, yalla, mu je mu gani. Mako mai zuwa za mu fita sahara, abokin aikina ya kafa tanti."

Na zauna na yi nazari irin na masana. Mene ne fenti? Fatar mota ne. Me sanyi ke yi wa fata? Ya busar da ita, ta yi furu-furu, ta tsage. Me uwata, Allah ya jiƙanta, take yi mana in sanyi ya kama? Ta kama mu ɗaya bayan ɗaya ta mulke da man kaɗe tun daga goshi har diddige, mu fita muna ƙyalli kamar sabon kwano, kuma babu wanda ya taɓa tsagewa a gidanmu. Seramik ɗin da ake ta faɗa, wa ya san uwarsa, wa ya san ubansa? Man kaɗe kuwa kowa ya san bishiyarsa. Ga shi ina da gwangwani guda cike, tsohuwata, wato uwargidana, ta aiko mini daga gida saboda kaushin ƙafa.

Ranar Alhamis da la'asar, Injiniya yana barci, na wanke motar tas a ƙofar gida na buɗe gwangwani. Matsala ɗaya, sanyi ya daskarar da man ya yi tauri kamar sabulu. Nan ma ilimi ya yi rana. Na shiga kicin na roƙi mai aiki ta ɗan ɗebo mini man shanun Hajiya, na haɗa su a tukunya na narka. Na bi motar nan da tafin hannu, lungu-lungu, ina yi ina bisimilla. Gaban na ninka masa, tunda shi zai fuskanci yashi. Jama'a, ku zo ku ga mota. Ta yi baƙi ta yi sheƙi har ina ganin giɓin haƙorina a jikin ƙofa. Na ɗauki hoto na aika wa ɗan Zango ba tare da ko kalma ɗaya ba. Ya amso da cewa, "Me ka sa masa?" Na ce sirrin gida ne, a tambayi manya.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne kyanwoyin Doha. Duk wanda ya zauna garin nan ya san sun fi masu gadi yawa. Da na iso da safe, na tarar da taro a kan motar kamar an raba goron gayyata. Wata a kan rufi, wasu a kan murfin inji, wata jar mai ido ɗaya ta rungume madubi tana lasa. Na kore su da tsintsiya, suka sauka suna zamewa, kowace ta kafa farce don kada ta faɗi. Sawun ƙafa ko'ina, ga gashi ya manne. Wani mai ƙaramin tunani da nan zai tsaya ya wanke motar. Ni kuwa na ce aikin da aka fara da bisimilla ba a barinsa a tsakiya, na ƙara shafa wani a kan sawun, ya rufe.

Bayan sallar Juma'a muka kama hanya. Sanyin Doha na safe ne da dare, da rana ta take sai ta tuna aikinta. Tun kafin mu bar gari man ya fara narkewa yana gangarowa kan gilashi. Na kunna abin share ruwa, ya shafe gilashin gaba ɗaya ya koma kamar ana kallon duniya ta cikin koko. Hajiya ta ɗaga hanci daga baya.

"Wai wa ya shigo da tuwo cikin motar nan?"

Na ce, "Hajiya, iskar teku ce."

"Iskar teku da man shanu? Abban yara, ka ji abin da nake faɗa maka ko? Hanyar ma ba gani yake ba, dubi yadda ya manna fuska a gilashi."

Injiniya ya sauke gilashin gefensa ya juya kai waje, abin da ya fi zagin Hajiya ciwo.

Da muka sauka daga kwalta muka shiga yashi, motocin da ke gabanmu suka tayar da shi, iska ta kwaso ta watsa mana. A motar kowa yashi ya bugi jiki ya zube. A tawa ya zo ya zauna. Kafin mu isa tantin, baƙar motar nan ta koma tsire da aka birkiɗa cikin ƙuli. Balaraben da ya gayyace mu ya fito da butar gahawa a hannu, ya zagaya ta, ya dangwala yatsa ya shinshina, ya kira 'yan'uwansa. Ban iya Larabci sosai ba, amma dariya ba ta bukatar tafinta.

A nan ne na yi babbar. Kunya ta rufe ni, suna shiga tanti na zaro singiletina na hau goge murfin injin da ƙarfi, a bushe, ba ko ɗigon ruwa. Ina ji yana ƙarar ƙas-ƙas, na ce datti ne ke fita. Ashe yashi da mai na haɗa na mayar da tsummana takardar gurza katako. Da na ɗaga hannu, wurin ya yi fari-fari, dogayen zane kamar an ja kaza a kai. Wannan karon ba a bukatar tocilar kowa.

Injiniya ya fito ya tsaya a kaina. Ya dubi murfin, ya ce, "Khalas, ya isa haka, Baba. Aje tsumman." A hanyar dawowa shi ya tuƙa, ni na zauna a gefe kamar kaya. Hajiya kuwa tun daga sahara har Mesaimeer ba ta haɗiye miyau ba: ga ɗan ƙanwar ƙawarta yana neman aiki, yaro mai ido biyu, ga iƙama ma ta zo ƙarshe, Allah ne ya kawo sauƙi.

Washegari Injiniya ya ce in biyo shi shagon. Na so ƙasa ta tsage. Muka tarar da ɗan Zango da rigar aiki, yana ganinmu ya ajiye injinsa ya taho a hankali, yana tafe yana jin daɗin kowane taku. Ya shafa ƙofa, ya shinshina yatsa, ya kira abokan aikinsa 'yan Indiya da 'yan Nepal su zo su ga abin da ba a koya musu ba.

"Tsoho, miya ka dafa a kansa?"

Na ce, "Man kaɗe ne, marar kunya. Da shi aka raini ubanka."

"Ubana ba ya kwana a titi, kuma ba a tuƙa shi cikin yashi."

Suka wanke ta da wani ruwa mai kumfa har sau ban san adadi ba, man yana fita yana komawa. Da ta bushe aka shigar da ita ƙarƙashin fitilu, ɓarnar ta fito fili: farcen kyanwa a rufi da ƙofofi, aikin hannuna a murfin inji. Ɗan Zango ya ce na kyanwa zai goge ya fita, nawa kuwa ya ci har ƙasa, sai an sake fesa wa murfin fenti kafin a yi zancen seramik da leda. Motar za ta kwana biyu a wurinsu.

Injiniya ya ja ni gefe, amma ba nesa ba, don ƙaton yana jin komai. Ya ce, "Baba, ka san ina ganin girmanka. Amma ka ga Hajiya ta daɗe tana magana, ni nake tarewa, kuma da motar nan nake tarewa. Yanzu me zan ce mata? Ina ganin zancen iƙamar nan mu bar shi haka, ka je gida ka huta."

Na tuna tsohuwata, da ginin da na fara a gida ko rufi ba a yi ba. Amma bakina, wanda bai taɓa neman shawarata ba, ya buɗe da kansa. Na ce ai laifin kyanwoyi ne, da yashin ƙasar nan da ba shi da tarbiyya, kuma a ƙa'idar kimiyya maganin bai yi kuskure ba, ƙasar ce ba ta dace da shi ba. Na ce in ana neman wanda ya jawo wannan fitina, ga shi can tsaye da gemu, shi ya fara haska tocila a inda ba a aike shi ba.

Ɗan Zango ya matso yana goge hannu da tawul. Na ɗauka zai ƙarasa ni ne. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka kore shi. Tuƙinsa ba laifi, a hankali yake tafiya kamar mai rakiyar gawa, yaranka ba za su ji ciwo ba. Ka karɓe bokiti da tsumma kawai, wanki ka bar mana. In ka mayar da shi gida, wa zan riƙa kunna wa sanyi?"

Injiniya ya yi murmushi, ya girgiza kai, ya ce to shi ke nan, zai sabunta, amma daga yau ko ƙurar madubi ban da izinin sharewa, Hajiya kuma shi ya san yadda zai yi da ita. Raina ya dawo, girman kaina ya biyo shi a guje. Na gyara hula na dubi ɗan Zango sama da ƙasa na ce, "Kada ka ɗauka na gode maka. Ban roƙe ka ba, kuma ba na bukatar ceton ɗan goge-goge."

Ya ce, "Wa ya cece ka, Tsoho? Kasuwata nake karewa. Muddin kana garin nan da gwangwaninka, shagonmu ba zai rasa aiki ba."